Facin Da Ya Kashe Shanun Ardo

Ranar Laraba da hantsi aka tarar da shanu tara a kwance a rugar Ardo Muhammadu Lawal da ke bayan Roni. Babu yanka a jikinsu, babu saran maciji, ciyawar da suka ci kuwa ita sauran garken suka ci. Abu ɗaya ne ya haɗa su: su ne aka yi wa allurar sammore ranar Litinin. Ƙanen Ardo, Muhammad Sani, shi ya auna ƙirjin kowacce da igiyar awo, ya shigar da lambar a waya, wayar ta faɗa masa yawan maganin da zai zuƙa, ya zuƙa. Likitan dabbobi ya zo daga Roni ya duba kwalbar, ya duba wayar, ya ce maganin lafiyarsa ƙalau, lissafin ne ya ninka huɗu.

Manhajar da ke wayar sunanta Garke. Ƙungiyar makiyaya ce ta yi ta a wani ɗan ofis a Kazaure, shekara huɗu ana aiki da ita daga Roni har Babura ba a taɓa jin kuka ba. Kafin azahar kowa ya san wadda zai zarga. Nafisat ce, ma'aikaciyar ofishin, wadda ke fitar da sabbin gyare-gyare, kuma a ƙarshen makon da ya wuce aka fara tura wa juna sabon gyara mai lamba goma sha uku.

"Tun da aka kai ta Dutse aka tafa mata, ta daina ganin kowa."

"Yarinyar da ba ta taɓa tatsar saniya ba za ta koya mana allura?"

'Yan sanda suka kira ta, kawunta ya karɓi belinta. Ardo dai hankalinsa bai kwanta ba. Ya aika Gwiwa aka ɗauko masa Daudu Mai Sawu, dattijon da ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata, wani lokaci har cikin Nijar.

Daudu ya zagaya gawarwakin, ya dawo ya tsugunna. "Ardo, ni ƙasa na iya karantawa. Wannan abin an ce a iska yake tafiya."

"Nan babu sabis, Daudu. Ko kira za mu yi sai mun hau tudu. Abin da ya shiga wayar ƙanena, mutum ne ya ɗauko shi ya kawo."

"To, in mutum ne, akwai inda ya taka."

Muhammad Sani, idanunsa jajur, ya ce a kasuwar Gwiwa aka tura masa, a rumfar Maikasuwa mai cajin waya. Wata dattijuwa mai sayar da nono, ana ce mata Uwa, ta tsoma baki daga bayan maza.

"Ni ma sau uku ya tura mini, wayar tana cewa bai dace ba. Har dariya ya yi mini wai tsohuwar waya ce."

Daudu ya nemi aron wayoyin biyu, ya naɗe su a hankici ya zura a aljihu.

* * *

Maikasuwa mutum ne mai bin kasuwanni da janareto da allon caji: yau Gwiwa, gobe Roni, jibi Babura. Da ya ga Daudu bai ko gyara zama ba.

"Ni na tura, Baba. Mutum ya fi arba'in na tura wa. Wasu ta hau, wasu ta ƙi."

"An ce ba ka son yarinyar."

"Wa ya ce ina sonta? Da, in za a sabunta Garke, sai a sauko da ita gaba ɗayanta, ƙatuwa. Mutum ya bar mini wayarsa ya tafi cin kasuwa, ni in nemi sabis, in saya masa data, in zauna a kai har la'asar. Sana'a ce. Sai ta zo da wani ɗan abu wai shi faci, ƙarami kamar hoto ɗaya, kafin ka buɗe goro ya shiga. Yanzu kowa tura wa ɗan'uwansa yake a bakin rijiya. Ita aka sa a rediyo, ni aka bar ni da caji."

"Ka faɗi dalilin da zai sa a kama ka da bakinka."

"A kama mana! In na iya haɗa irin wannan abin, Baba, a rana za ka same ni ina gadin janareto? A ambulan ya zo mini, katin memori a ciki, da hatimin ƙungiya a kai. Sa'adiyya ta Babura ce ta ba ni hannu da hannu."

Daudu ya karɓi ambulan ɗin. Ya sa Maikasuwa ya lissafa masa waɗanda ya tuna, wanda ta hau wayarsa da wanda ta ƙi, ya ce kuma duk makiyayin da ya zo caji a gaya masa kada ya yi allura sai ya ji daga Ardo.

* * *

Washegari ya shiga motar Babura. Sa'adiyya ita ce wakiliyar ƙungiya a can, tana zaune a wani shago kusa da tasha, da kwalaben magani a bayanta.

"Eh, ni na ba shi. A cikin jakar takardun da ake aiko mini daga Kazaure duk mako ya zo. Duba bayan ambulan ɗin, ai an rubuta *daga Nafisat*."

"Rubutunta ne?"

"Da inji aka buga." Ta ɗan taɓe baki. "Hajiya ta wuce rubutun hannu yanzu."

"Ƙawarki ce, na ji."

"Ajinmu ɗaya, Baba. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Ni aka turo ni nan ina yawo a rugage har takalmina ya cinye, ita tana ƙarƙashin fanka. Ranar da za a je Dutse nuna facin nan, ni na gwada shi a wayoyi sittin, amma ko a mota ba a ba ni kujera ba."

"Kina da hatimin ƙungiya?"

Sa'adiyya ta kalli ƙasa. Sai ta ce, a hankali, "Na takarda ina da shi. Akwai kuma na cikin kwamfuta, wanda in babu shi waya ba ta karɓar gyara. Mu uku ke da wannan: ni, da ita, da Malam Jamaluddeen shugaban ofis." Ta ɗago ta dube shi. "Na san abin da kake tunani. Wallahi na yi mata baƙin ciki, ba sau ɗaya ba. Amma mahaifina makiyayi ne. Na san abin da saniya tara take nufi."

Daudu bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce ta zo Kazaure ranar Asabar.

* * *

Ofishin ƙungiya ɗaki biyu ne da baranda. Malam Jamaluddeen, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai tsabta da taushin murya, shi ya tari Daudu da ruwan sanyi. Shi ya kafa ofishin, shi ya fara rubuta Garke, shi kuma ya koya wa Nafisat aikin.

"Abin tausayi ne, Baba. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, amma akwai gaggawa. Na sha gaya mata wannan hanyar tata ta ƙananan fayiloli akwai haɗari. Tsohuwar hanya tana da nauyi, amma ba ta taɓa kashe ko kaza ba. Ni dai roƙona a sassauta mata. Kuskure ne na ƙuruciya."

Nafisat tana ɗaki na biyu, an hana ta taɓa kwamfuta. Fuskarta ta kumbura da kuka, amma muryarta ba ta rawa.

"Baba, ban fitar da lamba goma sha uku ba. Ban ma gama ta ba. Ta ƙarshe da na fitar ita ce goma sha biyu, wata huɗu da suka wuce."

"'Yata, ni ban san komai a nan ba. Gaya mini mene ne facin nan, kamar kina gaya wa kakarki."

Ta jawo takardu biyu. "A ce wannan tsohuwar Garke ce, wannan sabuwa. Kusan duk abin da ke cikinsu iri ɗaya ne, wuri biyu ko uku kawai aka canza. To me zai sa makiyayi ya sauko da duka? Sai na rubuta wani ɗan shiri da ke ajiye su gefe da gefe, ya tsamo bambancin kaɗai: a wuri kaza cire wannan, a wuri kaza sa wancan. Wannan bambancin shi ne faci. Waya ta karɓa ta ɗora a kan tsohuwar da ke cikinta, sai ta zama sabuwa."

"Me zai sa wata waya ta karɓa, wata ta ƙi?"

"Faci ba ya hawa sai a kan ainihin wadda aka fitar da shi daga jikinta. Kafin ya hau sai ya duba. Ko harafi ɗaya ya bambanta, sai ya ce bai dace ba."

Daudu ya warware hankicinsa. "Wannan ta karɓa. Wannan ta ƙi. Me ke cikinsu kafin abin ya zo?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Dukkansu goma sha biyu ce. Bai kamata a samu bambanci ba." Ta haɗe gira. "In an bar ni na jona su da kwamfuta, cikin minti biyar zan gane."

"An hana ki taɓawa," in ji Jamaluddeen daga bakin ƙofa. "Umarnin 'yan sanda ne, Nafisat. Kada ki ƙara wa kanki laifi."

Daudu ya mayar da wayoyin aljihu ya yi sallama.

* * *

Ranar Juma'a ya yi ta a kan babur, daga ruga zuwa ruga, yana bin sunayen da Maikasuwa ya ba shi. Kafin la'asar ya tara wayoyi goma sha huɗu. Ya zauna a gindin wata tsamiya a hanyar Yankwashi, ya shimfiɗa rawaninsa, ya jera shida da suka karɓa a dama, takwas da suka ƙi a hagu.

Ba tsufa ba ne, don akwai tsohuwa a dama. Ba irin waya ba ne, don akwai iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Ya riƙa buɗe Garke a kowacce yana kallon hoton farar saniya da ke fitowa kafin ta buɗe. Daudu ajami ya iya, boko kuwa sai dai ya ga siffarsa. A wayoyin hagu, ƙarƙashin saniyar akwai rubutu layi ɗaya. A na dama akwai layi biyu, na biyun ƙanana ƙwarai, ba ya daɗewa yake ɓacewa. Ya sake bi ɗaya bayan ɗaya. Shida, duk layi biyu. Takwas, duk layi ɗaya.

Ya tsayar da wani malamin makaranta da ke wucewa a keke, ya roƙe shi ya karanta masa ƙaramin layin. Malamin ya karanta. Daudu ya ce ya maimaita.

Daga nan ya koma wurin masu wayoyin dama da tambaya ɗaya: yaushe aka sa maka Garke, kuma wa ya sa maka? Amsar ba ta canza ba ko sau ɗaya.

* * *

Ranar Asabar da safe barandar ofis ta cika. Ardo da ƙanensa a kan tabarma, Uwa a gefe da ƙwaryarta, Maikasuwa a tsaye jikin ginshiƙi, Sa'adiyya da Nafisat a benci ɗaya amma da tazara a tsakaninsu. Jamaluddeen ya fito da kujeru, ya zauna a tasa. Akwai kuma sufeton 'yan sanda da Ardo ya gayyato.

Daudu ya jera wayoyin a ƙasa kashi biyu.

"Na fara da Maikasuwa, don ya faɗa da bakinsa cewa facin nan ya rage masa sana'a. Amma ba shi da hatimin cikin kwamfuta. Na koma kan Sa'adiyya. Tana da hatimi, ambulan ta hannunta ya bi, kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta ba."

Sa'adiyya ta sunkuyar da kai. Nafisat ta juyo ta kalle ta.

"Sai 'yata Nafisat ta gaya mini abu ɗaya. Ta ce faci ba ya hawa sai a kan wadda aka fitar da shi daga jikinta. To in haka ne, wayar da ta karɓa tana faɗa mana daga ina mugun facin ya fito. Sa'adiyya, buɗe wannan ta Uwa. Karanta abin da ke ƙarƙashin saniya."

"*Garke, daga ƙungiyar makiyaya.*"

"Buɗe ta Muhammad Sani. Ki yi sauri, na ƙasa ba ya jira."

Sa'adiyya ta buɗe. Bakinta ya motsa kafin sauti ya fito. "*Jamaluddeen ne ya ƙirƙira.*"

Nafisat ta miƙe tsaye. "Babu wannan layin a goma sha biyun da na fitar."

"Babu," in ji Daudu. "Duk wayar da ke da Garke tun da, facinki ya kai ta goma sha biyu, layi ɗaya gare ta, kuma ta ƙi mugun facin. Waɗannan shida sabbin shiga ne, cikin wata ukun nan. Malam Jamaluddeen ne ya bi su har ruga ya sa musu daga katinsa. Su kaɗai suka karɓa."

Jamaluddeen ya yi murmushi. "Don na sa sunana a abin da na ƙirƙira, shi ne laifi?"

"A'a, Malam," Nafisat ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Amma mai layi biyun a kwamfutarka kaɗai take. Ba ta wurina, ba ta wurin Sa'adiyya. Duk wanda ya haɗa facin nan, ita ya ajiye a matsayin tsohuwa. Da ni ce, da a kan tawa zai hau, taka ce za ta ƙi."

Sufeto ya ce a kawo kwamfutar. Jamaluddeen bai motsa ba. Murmushin ya tsaya a fuskarsa, ya bushe a can.

"Sau uku na ce ka zauna in nuna maka yadda shirin yake dubawa kafin ya ɗora," in ji Nafisat. "Ka ce ba ka da lokacin wasan yara."

Nan ya fashe.

"Ke za ki nuna mini? Ke da na koya wa kunna kwamfuta? Shekara uku ina bisa babur da katin nan a aljihu, cikin ruwa, cikin taɓo. In na shiga ruga mata su fito da fura, a shimfiɗa mini tabarma, a ce ga Malam Jamalu mai Garke. Sai kika zo da facinki, kowa ya tura wa kowa, ba mai jirana. A Dutse ina zaune a layi na uku aka kira sunanki. Wani babban mutum ya juyo ya tambaye ni ko ni ne direbanku." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ban yi nufin ko akuya ta mutu ba. Na ɗauka ninki huɗu kowa zai gani ya ce a'a. A kawo ƙara, a ce facin ba shi da tabbas, a koma yadda ake. Iyakar abin da na so ke nan."

"Ban ce a'a ba," in ji Muhammad Sani, "don na yarda da kai. Kai ka sa mini ita da hannunka."

Sufeto ya taso. Ardo ya ɗaga masa hannu.

"Yallaɓai, maganar shanuna ta alƙali ce, ba zan yafe ba kuma ba zan ɗauki doka a hannuna ba. Amma shida muka gani a nan. Jamaluddeen, mutum nawa ka sa wa daga katinka?"

Jamaluddeen ya ce, "Za su kai saba'in."

"A ina?"

"Rugage ne. Wasu ko suna ba su da shi. Ni kaɗai na san hanyarsu."

"Kuma damina ce, kowa allura yake yi," Sa'adiyya ta ce. Ta matso kusa da Nafisat. "Za ki iya haɗa wanda zai gyara su?"

"In an ba ni kwamfutarsa. Biyu zan yi, ɗaya na waɗanda mugun ya riga ya hau, ɗaya na waɗanda bai kai gare su ba. Ki zauna ki gwada mini a kan shidan nan."

Sufeto ya amince, da sharaɗin a gabansa za a yi, kuma ɗan sanda zai bi duk inda za a je. Kafin azahar sun gama. Wayar Muhammad Sani ta sake ba da lissafin da likitan dabbobi ya ce shi ne daidai.

* * *

A kan babur biyu suka fita daga Kazaure bayan sallar azahar. Jamaluddeen ne ke tuƙa na gaba, Daudu a bayansa da katin gyaran a aljihu, ɗan sanda yana biye. Suka bar kwalta bayan Gwiwa suka shiga burtali, gero ya kai kafaɗa hagu da dama. Jamaluddeen bai yi tambaya ko sau ɗaya ba, ya san kowace kwana.

Ruga ta farko bukkoki biyar ce a gefen fadama. Labari bai iso nan ba tukuna. Wata mata mai suna Bahijja tana shanya ƙwarya, tana jin ƙarar babur ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Lale, lale! Malam Jamalu ne! Ka manta da mu. Ku kawo tabarma!" Ta juya ta ƙwala wa mijinta kira. "Ka zo a daidai, Malam. Gobe da safe za mu yi wa shanu allura, maigida ya ma sabunta Garke a kasuwa."

Ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar fura, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Sai a lokacin ta lura da ɗan sandan.

Jamaluddeen ya kalli ƙwaryar. Ya juyo ya kalli Daudu, kamar mai roƙon a yi maganar a madadinsa. Daudu ya zaro katin ya sa masa a tafin hannu, ya ja da baya.

"Ajiye furar, Inna," in ji Jamaluddeen. "Ajiye ta. Kira maigida ya kawo wayarsa. Akwai abin da na yi muku, zan faɗa muku da bakina."